Muhawara: Wai zamanin babbar kyamarar DSLR, mai madubi a ciki, ya wuce?

Autan Zaure: Ni dai na ce ya wuce. Tun 2008 da Panasonic da Olympus suka fito da tsarin Micro Four Thirds, na ƙananan kyamarori marasa madubi, aka fara haƙa mata kabari. Canon ma tun kyamararsu 1D X Mark III ta 2020 ba su sake fitar da wata babba mai madubi a wannan ajin ba.

Baba Mai Studiyo: Yaro, kana haɗa abu biyu. Cire madubi daban, ƙanƙantar sensa, wato farantin da hoto ke sauka a kai, daban. Canon da Nikon sun koma marasa madubi a 2018, amma da sensa cikakkiya, milimita 36 da 24. Taka ta Micro Four Thirds kuwa 17.3 da 13 ce, kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Shiga da ita ɗakin kamu da daddare, fitila ɗaya, ka ga yadda fuskar amarya za ta yi tsaki-tsaki.

Anti Mai Hoton Biki: Baba, Allah ya ƙara girma, amma wa yake wanke hoto yanzu? Amarya a WhatsApp take so, a daren. A fuskar waya wa zai gane bambancin? Ni da nake tsaye tun walima har kai amarya, kafaɗata ce ta san nauyin jaka.

Baba Mai Studiyo: Batir fa, 'yata? DSLR ta madubi kake leƙawa, ba ta shan wuta sosai. Ƙananan nan allonsu kullum a kunne. A garin da ake kwana ba wuta, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Autan Zaure: Batir biyu a aljihu sun kashe wannan magana, Baba. Ga kuma Hawan Daushe: gilashin kyamara na milimita 300 a ƙaramar sensa yana jawo mahayi kamar na 600 a babbar sensarku, kuma da hannu zan riƙe, ina bin dawaki cikin ƙura.

Yaya Mai Bidiyo: Ku duka kun manta kuɗi. Masu komawa sabuwa suna ta sayar da tsofaffin DSLR da gilasansu, farashi ya sauka. Mai koyo da ƙaramin jari, DSLR ta hannu irin Canon 5D ta fi masa.

Anti Mai Hoton Biki: Idan ta lalace fa, Yaya? Kamfani ya juya baya, kayan gyara za su yi ta wuya.

Baba Mai Studiyo: Wannan kam gaskiyarki. Amma hoton bango na ango da amarya, da babbar sensa zan ci gaba da ɗauka, da madubi ko babu.