Eko ko sikanin zuciya? Mu tsayar da suna ɗaya

Jama'a, ga wata matsala da ma'aikatan asibiti suka sani. Likita ya rubuta wa mara lafiya gwaji biyu, ECG da eko. A bakin ƙofa mai fassara ya dunƙule su ya ce "gwajin zuciya za a yi miki". Baiwar Allah ta je ta yi mai arhar, ta dawo da takarda mai layi-layi tana cewa ai an gama. Wanda likita ya fi buƙata kuwa ba a yi ba. Don haka nake neman sunan da za mu riƙa kiran eko da shi, wanda tsohuwa a ƙauye za ta ji ta gane.

Mu fara raba su tukuna. A ECG ana manna wayoyi 10, shida a ƙirji, huɗu a hannuwa da ƙafafu, na'ura ta zana yadda lantarkin zuciya ke tafiya. Ba hoto ba ne, ba a ganin zuciyar. Willem Einthoven na ƙasar Holan ne ya fito da shi a farkon ƙarni na 20, har ya ci kyautar Nobel a 1924. Wannan ina ganin "zanen bugun zuciya" ya ishe shi, kuma ban ji wanda ya ja ba.

Eko daban ne. Za a ce ka kwanta ta gefen hagu, ka sa hannu ƙarƙashin kai. A shafa maka wani mai mai sanyi da santsi, a danna kan na'urar tsakanin haƙarƙari. Sai ga zuciyarka a allo tana motsi: ɗakunanta huɗu, ƙofofinta suna buɗewa suna rufewa, jini ja da shuɗi gwargwadon inda ya nufa. Gani ya kori ji. Babu allura, babu hasken da ake yi wa mai ciki gudu a hoton ƙirji. Sauti ne wanda kunne ba ya ji ake turawa, ya bugi naman zuciya ya dawo, kwamfuta ta mai da shi hoto. A 1953 Inge Edler da Hellmuth Hertz suka fara gwada shi a birnin Lund na Suwidin, da na'urar da suka aro daga masu ƙera jiragen ruwa, wadda ake neman tsagewar ƙarfe da ita.

To, ga sunayen da mutane suka kawo wa eko zuwa yanzu.

Wani malaminmu na Hausa ya ce "hoton amsa-kuwwar zuciya". Allah ya gafarta malam, a fassara kam ka buga daidai, don abin da kalmar take nufi ke nan tun asali. Amma mai sauraron rediyo in ya ji amsa-kuwwa, lasifikar masallaci ko ta 'yan siyasa ce za ta faɗo masa. Sannan ga tsawo. Nas ɗin da ke da layin mutum hamsin ba za ta furta wannan ba, eko ɗin za ta koma.

Wasu sun ce "hoton zuciya" kawai. Gajere ne, amma ya yi faɗi. Hoton ƙirji ma yana nuna inuwar zuciya, kuma da shi mutane za su rikita.

Akwai masu cewa a bar eko yadda yake, ai mun karɓi allura da asibiti da likita daga wasu harsuna. Ba na ƙin aro. Sai dai wani ɗan'uwa daga Maraɗi ya tuna mana cewa a wajensu, saboda Faransanci, eko shi ne duk wani hoton sauti, har da na mai juna biyu. Ka ga kalma ɗaya, ma'ana biyu, tsakanin Katsina da Maraɗi.

Ni dai ina bayan "sikanin zuciya", kuma ga dalilina. Wace mace ce ta je awon ciki ba ta san sikanin ba? Ta san man nan mai sanyi, ta san allon, ta san ba ya ciwo. Fasahar ma ɗaya ce, wurin dannawa ne ya bambanta. Kuma matan nan su ne suka fi buƙatar gane sunan. Ciwon zuciyar da ke kama mace a ƙarshen ciki ko watannin farko na jego ya yi yawa a ƙasarmu fiye da galibin duniya. Tun shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry suka rubuta a kansa a Zariya, inda suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego, daga baya binciken Farfesa Kamilu Karaye a asibitin Malam Aminu Kano ya jawo hankali kan ƙarancin sinadarin seleniyam. Maijego tana haki, ƙafa ta kumbura, ba ta iya kwanciya sai an tara mata matashi, ana cewa jego ne. Eko ne ke nuna ko zuciya ta saki. Lafiyayyar zuciya takan fitar da fiye da rabin jinin da ke babban ɗakinta na hagu a kowane bugu. In ya gaza kashi 45 cikin 100 a irin wannan hali, likita ya san abin da yake fuskanta. Eko ne kuma ke nuna ƙofar zuciyar da ciwon maƙogwaro na yarinta ya lalata.

Yallaɓai likita da ya ce CT da MRI, wato wasu hanyoyin ɗaukar hoton cikin jiki, su ma ai sikanin ne a Turanci, gaskiyarka. Amma a bakin Bahaushe sikanin na man shafawa da allo ne; waɗancan ana ce musu shiga na'ura, a bar su da haruffansu. 'Yan'uwa na Nijar kuma su ce "ekon zuciya", ma'anar ta fito.

Wani gwajin zuciyar da ya rage a sa wa suna shi ne wanda ake zura siririn bututu ta wuyan hannu ko matsematsi, a ɗura ruwan da ke fitowa a hoto don a ga inda hanyar jini ta toshe. An ce "hoton jijiyoyin zuciya", amma jijiya a Hausa ta haɗa ta jini da ta motsi da ta agara. Na fi karkata ga "hoton hanyoyin jinin zuciya". Masu aiki a sashen zuciya, me kuke ce wa marasa lafiya in za ku tura su?