Abin da na tsinta a hirar da aka yi kan hatsarin Roy Halladay

Jama'a ga taƙaitaccen abin da aka tattauna kan tashi ƙasa-ƙasa da ƙaramin jirgi, an ɗauki misali da Roy Halladay, tsohon ɗan wasan besbol na Amurka da ya rasu ran 7 ga Nuwamba 2017 yana shekara 40, jirginsa ICON A5 ya faɗa teku a gaɓar Florida. Binciken NTSB, hukumar binciken hatsarin sufuri ta Amurka, ya nuna yana ta lilo da jirgin dab da ruwa, kuma an samu ƙwayoyi a jininsa harda morphine da amphetamine. Wallahi abin ya taɓa ni.

Shawarar da kusan kowa ya maimaita ita ce nisa daga ƙasa shi ne lokacinka, in inji ya tsaya ko ka yi kuskure kana sama sosai kana da damar gyarawa, amma a ƙafa 20 kafin ka ankara an gama. Wani matuƙi ya ce ruwa in ya kwanta lumui yaudarar ido yake, baka gane tazararka sam, toh ka dinga duba na'urar auna tsayi.

Sun daɗe kan juyi mai kaifi, wai in ka karkata digiri 60 nauyin da fukafukai ke ɗauka ninkawa yake, gudun da jirgi ke buƙata don kar ya sulluɓo ya ƙaru da kusan kashi 40. Sai kuma hatsarin wayoyin lantarki da basa ganuwa, da burga don a ɗauke ka bidiyo, wannan kam ni ma haushinta nake ji. Maganin barci ko na ciwo kuwa, in ka sha ka bar jirgi a ajiye ranar.