Gyaran ƙaramin bayi ya tsaya min, a taimaka

Salam 'yan uwa. Bayina ƙarami ne, ƙafa 5 da 7, amma ruwa yana bi ta ƙarƙashin tayil har bangon falo ya jiƙe, fenti yana ɓarewa ga warin damshi. Mai gyaran famfo ya canza bututun shawa, an sake cike tsakanin tayil da farin siminti, duk da haka damshin ya dawo. Yanzu mai tayil ɗaya yace sai an fasa ƙasan duka, wani yace bakin magudana kawai za a buɗe, kuɗin na farko ya kusa ninka na biyu kuma wallahi bani da halin biyan gyara sau biyu. Don Allah ta yaya zan gano inda yake yoyo kafin a fasa komai?