Muhawara: A soke harajin albashi a Amurka a koma na sayayya, wa zai ci riba?

Direban Bronx:
Salam jama'a. Ni fa akwai maganar da ta tsaya min a rai tun da aka shiga lokacin cike takardun haraji, kuma ina so mu tattauna ta tsakani da Allah. Wannan ƙudurin da ake ce wa FairTax, wanda ɗan majalisar Jojiya Buddy Carter ya sake kawowa majalisar wakilai a Janairun 2023, ni dai ban ga aibunsa ba. A soke harajin kuɗin shiga gaba ɗaya, a soke wanda ake cirewa daga albashi na Social Security da Medicare (fanshon gwamnati da inshorar lafiyar tsofaffi), da na kamfanoni da na gado, a rufe IRS, hukumar karɓar harajin tarayya, sai a sa haraji ɗaya tal, kashi 23 a kan sabon kaya da duk hidimar da ka biya. Shikenan. Mu masu tuƙi da muke kan 1099, wato takardar harajin masu aikin kansu, ba mai cire mana komai a wata, sai 15 ga Afrilu ta matso a ce ka kawo kashi 15.3 na masu aikin kansu kafin ma a zo kan harajin kuɗin shigar, kana ta neman rasit ɗin mai da na gyaran mota a cikin jaka, ga kuɗin mai cike maka takardu. Ni na ce wannan tsarin ya fi mana, talaka ma ya fi masa.

Anti Nas Houston:
Wa alaikumus salam. Ƙanena kafin mu je ko'ina gyara lambar tukuna, ba 23 ba ne, 30 ne.

Direban Bronx:
Anti 23 aka rubuta a ƙudurin fa.

Anti Nas Houston:
Eh haka suka rubuta amma duba yadda suka lissafa. Kaya na dala 100, a kanta za ka biya 130. Sai su ce ai 30 ɗin nan idan ka auna ta da 130 kashi 23 ce. Mu nan Houston kashi 8.25 muke biya, ku a New York 8.875, kuma duk a kan farashin kaya ake ɗora shi, to da wannan ma'aunin da kowa ya saba da shi 30 ne. Kuma na jiha ba soke shi za a yi ba, zai hau kai ne, kenan kai a Bronx kana maganar kusan kashi 39 a kan abu.

Mai Lissafi Columbus:
Anti ta yi daidai a lissafi, amma a yi musu adalci, su hujjarsu ita ce harajin albashi ma da haka ake auna shi, daga cikin abin da ka samu, shi ya sa suka auna nasu haka. Ni abin da ya fi damuna ba nan yake ba. Ko 30 ɗin ma ba za ta isa ba. Kusan rabin kuɗin gwamnatin tarayya daga harajin kuɗin shigar mutane yake fitowa, wajen kashi ɗaya cikin uku kuma daga wanda ake cirewa na Social Security da Medicare. A 2005 kwamitin da George Bush ya kafa kan gyaran haraji ya duba wannan shawarar ya ƙi ta, suka ce ko harajin kuɗin shiga kaɗai za a maye sai an kai kashi 34. William Gale na cibiyar Brookings shi lissafinsa ya haura 40. Kuma ku tuna ba sabon abu ba ne, John Linder ya fara shigar da shi tun 1999, Mike Huckabee ya yi kamfe da shi a 2008, har yau bai taɓa wuce majalisa ba.

Direban Bronx:
Malam rashin wucewa majalisa ba hujja ba ce, masu cin abinci da tsarin da ake kai suna da yawa, su za su bari? Kuma kun tsallake babban abu. Akwai kuɗin da gwamnati za ta riƙa turo wa kowane gida duk farkon wata, wanda zai biya maka harajin abin da ka kashe har zuwa layin talauci. Kenan wanda yake ƙasa sosai bai biya ko sisi ba. Na biyu kayan hannu ba haraji, ka sayi tsohuwar mota ko tsohon gida ko gwanjo ba ruwanka. Na uku kuma wanda ya shafe mu kai tsaye, kuɗin da nake tura wa Hajiyarmu da na makarantar ƙannena a gida yanzu sai an cire haraji a kansu kafin su zo hannuna, a wancan tsarin tunda ba a nan na kashe su ba cif za su tafi. Wa a cikinmu ba ya tura kuɗi gida?

Baba Alhaji Harlem:
Wannan ta ƙarshen gaskiya ce ɗana, ba zan musa maka ba. Amma ni tawa tambayar ita ce mu da muka tsufa fa? Duk abin da na tara an riga an cire masa haraji lokacin da nake aiki, yanzu da ƙarfi ya ƙare na fara ci daga ciki sai a ce kowace dala in na kashe ta in sake biyan kashi 30. Sau biyu kenan. Kuma na ji an ce har kuɗin haya da na asibiti da magani duk suna ciki, haka ne?

Mai Lissafi Columbus:
Haka ne Baba, haya na ciki, asibiti na ciki, abinci na ciki, sabon gida na ciki. Kuɗin makaranta ne suka ware don sun ɗauke shi a matsayin jari. Dole su haɗa komai don in suka fara cire abinci da magani lambar za ta ƙara tashi sama.

Anti Nas Houston:
To kun ji. Ni a asibiti nake wuni, ina ganin masu ciwon suga da suke raba allurar insulin don ta kai su ƙarshen wata, mutum ya zo ƙafa ta riga ta kumbura saboda yana tsoron bil ya ƙi zuwa da wuri, wannan mutumin za a ce a ƙara masa 30 a kan kowace 100. Wlh abin nan yana min ciwo. Kuma ƙanena ni ina zaune a jihar da ba harajin albashi na jiha, Texas, mutane na ta murna suna dawowa nan, sai sun sayi gida su ga harajin gida su gane inda aka ɓoye shi. Gwamnati ba ta yafe kuɗinta, wuyan da za ta rataya wa kawai take canzawa.

Ɗalibi Minnesota:
Ni tambaya ce da ni yayyena. Ai Saudiyya ba sa cire harajin albashi, VAT kawai ake biya, wato harajin da ake ɗorawa a kan kaya, kuma ƙasar na tafiya. Me zai hana nan?

Mai Lissafi Columbus:
Fetur ne ke riƙe da su ƙanena, kuma ko su da suka fara VAT a 2018 da kashi 5, da farashin mai ya faɗi a 2020 sai suka ninka shi uku ya koma 15. Sauran ƙasashen da ke da VAT, Ingila kashi 20, Nijar 19, Najeriya 7.5, duk suna karɓar harajin albashi a gefe, ba maye gurbinsa suka yi ba. Kuma VAT daban yake da wannan, shi a kowane mataki ake karɓa, daga masana'anta zuwa dila zuwa mai kanti, kowa na riƙe da takardar ɗan'uwansa don ya cire abin da ya riga ya biya, to ɓoyewa na da wuya. Wannan kuwa duk kuɗin a hannun mai kanti na ƙarshe ake jiran su, in ya ƙi rubutawa shikenan sun tafi.

Bari in yi mana lissafi da misali, a ce gida uku ne kowanne mata da miji da yara, a ce layin talaucin nasu dala 30,000 ne don sauƙin lissafi, kenan da lissafinsu na kashi 23 kuɗin da za a mayar wa kowane gida 6,900 ne a shekara. Gida na farko suna samun 40,000 kuma duk suna kashewa, don ba abin da zai rage bayan haya da abinci, harajinsu 9,200, a cire 6,900 saura 2,300, kusan kashi 6 na samunsu. Gida na biyu suna samun 90,000 suna kashe 85,000, haraji 19,550, bayan an mayar musu saura 12,650, kashi 14 kenan. Gida na uku suna samun miliyan 2, ko sun yi facaka yaya ne a ce sun kashe 400,000, haraji 92,000, a cire nasu su ma don har su za a tura wa, ya zama kashi 4 da ɗoriya na samunsu. Sauran miliyan ɗaya da dubu ɗari shida suna can a hannun jari suna haihuwa ba wanda ya taɓa su, in ya mutu kuma ’ya’ya su gada ba harajin gado. Mutumin da a yau saman kuɗinsa ake cire wa kashi 37. To abin da aka sauke masa wa zai ɗauka? Gida na biyu ne, kuma yawancinmu nan muke ko nan muke fatan kaiwa.

Direban Bronx:
Amma Malam kashi 6 ɗin gida na farko ai ya fi 7.65 na Social Security da Medicare da ake cire musu yanzu sauƙi, ni kuma 15.3. Ka ga da bakinka ka nuna talaka ya samu sauƙi. Kuma attajirin nan da kake cewa 37, nawa ne a cikinsu suke biyan hakan da gaske? Suna da lauyoyi, kuɗinsu ba albashi ba ne. Aƙalla ran da ya sayi jirgin ruwa ko sabuwar mota dole ya biya a wurin.

Mai Lissafi Columbus:
Ka manta da abin da gida na farko ke karɓa a Fabrairu da Maris. Ni nake cike wa mutanenmu takardun nan, mai yara biyu ko uku da ƙaramin albashi yana samun EITC, wato rangwamen harajin masu ƙaramin albashi, da rangwamen yara, sau da yawa abin da ake dawo masa da shi ya fi duk abin da aka cire masa a shekarar, da shi wasu ke biyan bashin kati, wasu tikitin zuwa gida. Duk wannan zai tafi tare da IRS ɗin. Maganar attajiri kuwa ka yi gaskiya, da yawa suna zillewa, amma maganin wannan a toshe ramukan ne. A sabon tsarin ma ramin na nan, don abin da aka saya da sunan kasuwanci ba haraji, sai ya rubuta motar da sunan kamfaninsa, jirgin kuma ya saye shi a wata ƙasa ya ajiye a can.

Maman Yara Newark:
Ni duk ban ga an taɓo wanda ya fi damuna ba. Kuɗin nan da za a riƙa turowa duk wata sai mai lambar Social Security kuma mai zama bisa ƙa'ida za a ba. Muna da ’yan'uwa da takardunsu ba su fito ba, suna aiki suna biyan haraji da ITIN, lambar harajin da ake ba wanda ba shi da ta Social Security, su za su biya 30 ɗin nan tun daga dalar farko, madarar jariri, famfas, haya, ba abin da zai dawo musu. Kuma gida ɗaya za ka ga uba ba shi da takarda yara kuma a nan aka haife su.

Direban Bronx:
Wannan kam Maman Yara ban da amsarta, Allah Ya fitar musu da takardunsu.

Baba Alhaji Harlem:
Amin. Ni kuma a matsayina na wanda ya riƙe shago bari in faɗa muku abin da zai faru a ƙasa. Yanzu ma da harajin bai kai kashi 9 ba kwastoma na shigowa ya ce Alhaji in na ba ka kash za ka cire min? To ranar da ya zama kusan 40 rabin cinikin unguwa ƙarƙashin tebur zai koma, mai gaskiya da ke rubuta komai shi zai rasa kwastoma ya rufe. Daga nan gwamnati ta ga kuɗi bai shigo ba ta ƙara lambar, ko ta cika titi da masu bincike. An ce an rufe IRS amma jihohi aka ce su karɓa, sunan ne kawai zai canza, kuma mu masu ƙananan shaguna za a sa wa ido. Delaware da Oregon da Montana da New Hampshire da Alaska ma ba su da harajin sayayya na jiha, sai an kafa musu daga farko.

Anti Nas Houston:
Kuma akwai abin da masu tallata shi ke faɗa da ba ya haɗuwa. Suna cewa za ka karɓi albashinka cif ba a cire komai ba, suna kuma cewa farashin kaya zai sauko sosai don an cire harajin da ke ɓoye a cikinsa. Harajin da ke ɓoyen ai yawancinsa na albashin ma'aikata ne, in ma'aikaci ya riƙe shi farashi ba zai sauko ba, in farashi ya sauko to an rage albashi. Ɗaya za a samu.

Ɗalibi Minnesota:
To idan an kawo wannan daga baya wata gwamnatin ta dawo da harajin albashin fa, a haɗa mana biyu?

Mai Lissafi Columbus:
Su ma suna tsoron hakan, shi ya sa suka sa a ƙudurin cewa in ba a soke gyara na 16 na kundin tsarin mulki ba cikin shekara bakwai, wanda tun 1913 ya ba majalisa ikon karɓar harajin kuɗin shiga, to harajin sayayyar zai faɗi da kansa. Soke gyara kuwa sai kashi biyu cikin uku na majalisun biyu sun yarda sannan jihohi 38 su amince.

Direban Bronx:
Na ji duka kuma na gode, amma gsky ban sauka gaba ɗaya ba. Mai yara da Baba da waɗanda ba su da takarda na yarda za su sha wuya. Ni kuwa ba ni da yara a nan, ɗaki ɗaya muke rabawa da wani, motata ta hannu ce, kusan rabin abin da nake samu gida yake tafiya, ni inaga irina zai ci riba, kuma irina muna da yawa a garin nan. Kuma har yanzu ba wanda ya gaya min dalilin da zai sa mai tuƙa mota sai ya biya wani kafin ya san nawa gwamnati ke binsa.

Mai Lissafi Columbus:
Kai kam zai iya yiwuwa ka ci riba yanzu, amma ran da iyali suka iso ka kama gida mai ɗaki biyu lissafin zai juye. Turo min 1099 ɗinka ta bara da kuɗin hayarka da abin da ka tura gida ta akwatin sirri, in buga maka duka biyun, da 30 da kuma 40, ka gani da idonka.