Cire farar wuta daga kwal da sinadarai: wace hanya ce ke aiki?

Dalibi_Kimiyya: Assalamu alaikum malamai. Kwal irin na Lafiya-Obi, a Jihar Nasarawa, yana da yawan farar wuta, kuma wankin ruwa ba ya fitar da ita duka. Wane sinadari ya dace?

Injiniya_M: Wa'alaikumus salam. Fara auna irin farar wutar. Wadda ke cikin fayirait, wato FeS2 (ma'adinin ƙarfe da farar wuta), ita ce mai sauƙi. Hanyar Meyers, da aka ƙirƙiro a Amurka a shekarun 1970, tana dafa niƙaƙƙen kwal cikin ruwan ferik salfet a zafin digiri 90 zuwa 130 na Salshiyos, ta cire kusan kashi 90 cikin 100 na fayirait. Sai dai tsurar farar wuta takan manne a jikin kwal ɗin, sai a wanke ta da sinadari mai narkar da ita, kamar asiton. Wadda ke ɗaure da kabon kuwa, ko gezau.

Malama_H: Wannan ɗaurarriyar sai narkakkiyar soda, NaOH haɗe da KOH, a digiri 350 zuwa 400. Tana cinye har toka. Inda ake kuskure shi ne ɗauraya: in ba a bi da ruwa sannan asid da aka sirka da ruwa ba, sodiyam yana saura, toka ta narke ta manne a jikin bututun tukunyar tururi. Sodar ma tana cin ƙarfe.

Injiniya_M: Gaskiya ne, Malama. Tsadar ce ta sa tashoshin lantarki suka gwammace kama SO2, iskar da ƙonewar farar wuta ke fitarwa, a hayaƙi da dutsen farar ƙasa, su samu jifsam, wanda ake yin filastar gini da shi.