Microplastic: mu ce tsakin roba

1/ Jama'a, ku zo mu tsayar da magana kan kalmar nan ta microplastic. Masu fassara labarai sukan ce "ƙananan robobi", ni kuwa ba ta kwanta min ba. Ka ce wa Bahaushiya ƙaramar roba, kwanon miya za ta miƙo maka, ko gorar zoɓo.

2/ Abin da masana ke nufi shi ne gutsuren roba da bai kai milimita 5 ba. Richard Thompson na Jami'ar Plymouth a Ingila ne ya yayata kalmar a 2004. Wani gutsuren daga gora ko leda ko komar masunta yake, rana da igiyar ruwa suka ragargaza shi. Wani kuma haka masana'anta ta ƙera shi, 'yan ƙwayoyi da ake narkawa a yi kaya, irin waɗanda suka rufe gaɓar Sri Lanka da jirgin X-Press Pearl ya ƙone ya nutse a 2021.

3/ Wani malaminmu ya kawo "ɓurɓushin roba". Allah ya ƙara wa malam lafiya, ta yi daɗin faɗi, sai dai ɓurɓushi abin da ya zubo daga wani abu ne, ƙwayoyin masana'anta kuwa ba daga jikin komai suka zubo ba. "Garin roba" kuma ya yi laushi da yawa. Mu ajiye shi wa wanda ido ba ya gani.

4/ Tawa shawarar: tsakin roba. Tsakin masara nake nufi, na dambu, wanda ake watsa wa kaji. Girman ya zo daidai. Kuma tsuntsun teku a matsayin abinci yake ɗaukarsa. Wani bincike na 2016 a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ya nuna cewa idan roba ta jima a teku, gansakuka kan manne mata ta riƙa fitar da warin da wasu tsuntsaye ke bi su samu abinci. Uwa ta tsinta, ta haɗiye, ta dawo sheƙa ta amayar wa ɗanta a baki.

5/ A tsibirin Lord Howe, gabas da Ostareliya, akwai 'ya'yan tsuntsun shearwater da idan masu bincike suka danna cikinsu sai a ji ƙaras-ƙaras. Ciki ya cika fal, tsuntsu kuma yana ramewa. Tun 2015 CSIRO, hukumar binciken kimiyya ta Ostareliya, ta ƙiyasta cewa kashi 90 cikin 100 na tsuntsayen teku sun haɗiyi roba.

6/ Murfin gora da buroshin haƙori da laita da ake tararwa a cikin gawar 'ya'yan albatros, wani babban tsuntsun teku, a tsibirin Midway da ke tekun Pasifik ba tsaki ba ne, sun wuce milimita 5. Waɗannan tarkacen roba ne. Kada mu cakuɗa.

7/ Na san za a ce a rubuce yana kama da tsakin da ake ja da baki. To, wa ya taɓa jin dambun tsaki ya zaci na raini ne?

8/ Saura plasticosis, sunan da aka laƙaba a 2023 wa tabon da roba ke bari a tumbin tsuntsayen Lord Howe. Likitocin dabbobi, ranku ya daɗe, wannan taku ce.