Neman kalma: me za mu kira VoIP da HD a Hausa?

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum malamai da masu sana'a. Ofisoshi da manyan shaguna a Adum da Kejetia, nan Kumasi, sun fara komawa irin wayar ofis ɗin nan mai bi ta intanet, wadda masu sayarwa ke kira VoIP, kuma kusan kowace takardar talla sai ka ga HD a jikinta. Ana son a rubuta wa 'yan kasuwarmu na zango bayani da Hausa, irin wanda ko a rediyo aka karanta za a gane. Shawarata ita ce VoIP ya zama "wayar intanet", HD kuma "murya raɗau". Wanda ya ga gyara, ya gyara.

Injiniya na Adum:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ta farkon akwai matsala. Waya a Hausa tana nufin abin kira, tana kuma nufin igiyar da ake ja a bango. Ka aiki yaro ya sayo "wayar intanet", kebul zai kawo maka, irin Cat6 ɗin da muke ja daga rauta, wato akwatin da ke raba intanet a ofis, zuwa tebur. A wannan aikin kuwa dole a ambaci biyun a jimla ɗaya, misali a ce kebul ɗin da ke zuwa kan wayar kada ya wuce mita 100. In duka sunansu waya ne, bayanin ya cakuɗe. Ni "tarhon intanet" nake gani.

Hajiya ta Alabar:
Injiniya, yaranmu na nan Kumasi sun san tarho kuwa? Fon suke cewa.

Baba Malam na Asawase:
Hajiya, za su sani in an faɗa musu sau biyu. Tarho ba baƙuwar kalma ba ce, tana cikin ƙamus, kuma gidajen rediyon Hausa har gobe suna cewa "ta wayar tarho". Abin da ya ƙara mata dacewa, da an ce tarho hankalin dattawa kan tafi ga wanda ke girke a kan tebur, mai kan da ake ɗagawa, kuma shi ne siffar abin da ake magana a kai. Sai dai Injiniya, ina da tambaya. Kiran WhatsApp ma ai ta intanet yake bi. Shi ma tarhon intanet ne?

Injiniya na Adum:
Baba, a asalin fasaha duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Ana yanka murya ƙanana-ƙanana, galibi kowane yanki milisakan 20, wato yanki 50 a sakan guda, a liƙa wa kowanne adireshi a tura shi, can a sake jera su. Kamar mai ƙulla gishiri a leda ne, kowane ƙulli da tafiyarsa, shi ya sa nake kiransu ƙulli-ƙulli. Bambancin na ofis shi ne yana da lambar da kowa zai iya kira daga layin MTN ko Telecel ko AT, irin mai farawa da 032 ta Kumasi ko 030 ta Akara, kuma yana da na'ura ko manhaja a tsakiya wadda ke raba kira: danna 1 ka samu mai sayarwa, danna 2 ka samu akanta, a miƙa kira daga tebur zuwa tebur, a jera masu kira a layi, a naɗi magana. Ita ce ake kira PBX, irin su Asterisk da 3CX. Saboda haka sai mu ce kiran WhatsApp "kiran intanet" ne, na ofis kuma "tarhon intanet na ofis".

Baba Malam na Asawase:
Madalla. Ita na'urar tsakiyar a ce mata "uwar tarho", lambobin cikin gida irin su 101 da 102 kuma "'ya'yan lamba". Hausa ta saba da haka, muna da uwar kuɗi da uwar garke.

Ɗan Aboabo:
Na karɓa Baba. Saura HD.

Na Magazin:
A nan ne nake son a yi a hankali, domin "raɗau" za ta yi wa mai saye alƙawarin da HD ba ya cikawa. Raɗau muna faɗarta ne in tasha ta kama babu shuu, babu yankewa. HD kuwa wani abu ne dabam, kuma ana auna shi.

Sauti kaɗawar iska ne. Tsohon tarho yana ɗaukar abin da ke kaɗawa daga sau 300 zuwa sau 3,400 a sakan, ya yar da na ƙasa da na sama. Yana ɗebo samfurin murya sau 8,000 a sakan, ya tura a kan data kilobit 64 a sakan. Wannan shi ne tsarin G.711, tun 1972 yake. Abin da ake kira HD a tarhon tebur galibi G.722 ne, na 1988, wanda ke ɗebo samfuri sau 16,000 a sakan, ya ɗauki daga 50 har zuwa 7,000. Wato an ninka faɗin abin da ke wucewa, har da ƙari.

Amfanin wannan faɗin a baƙaƙe yake. Wasula irin su a, i, u ƙarfinsu a ƙasa yake, tsohon tarho na ɗaukarsu lafiya lau. Amma s da sh da ts da f, abin da ke bambanta su yana can sama, da yawansa ya haura 4,000, sama da inda ake datsewa. Shi ya sa a tsohon layi "fata" da "sata" kan zo kunne kusan iri ɗaya, sai dai ma'anar zance ta cece ka. Inda babu ma'anar da za ta cece ka kuwa, irin lambar kayan gyaran mota da ake karanto wa mai shago a Magazin, unguwar masu gyaran mota, ko lambar mota mai farawa da AS, to F da S sai an maimaita sau uku, wani lokaci a aiko da abin da ba shi aka nema ba. A ƙasa kuma, abin da ke tsakanin 50 da 300 shi ke ba murya kaurinta, ka gane wanda ke magana tun bai faɗi sunansa ba.

To kira na iya zama HD kuma yana tsinkewa, in intanet ɗin ba shi da kyau. Kira na iya zama na tsohon faɗi kuma a ji shi raɗau. Abu biyu ne, bai kamata su ci suna ɗaya ba.

Hajiya ta Alabar:
Wannan bayani ya gamsar. To a ce "cikakkiyar murya" mana, tunda tsohon yankakkiya yake kawowa.

Injiniya na Adum:
Hajiya, ta yi daɗin faɗa, amma za mu buƙace ta nan gaba. Kunnen matashi na ji har wajen 20,000, kuma akwai tsarin Opus, wanda aka fitar a 2012, da ke iya ɗaukar wannan faɗin gaba ɗaya. Manhajojin kira da yawa da shi suke aiki. In muka ba wa mai 7,000 sunan cikakkiya, me za mu kira wancan? Ni a jera su uku: "matsattsiyar murya" ta tsohon tarho, "faffaɗar murya" ita ce HD, "cikakkiyar murya" ga mai ɗaukar komai.

Baba Malam na Asawase:
Faffaɗa ta zauna. Da "babbar murya" aka ce, da mutane sun ɗauka ƙara ake nufi, su yi ta murɗa sauti. Faɗi kuwa ba ya nufin ƙara. A rubuce kuma a kula: faffaɗar murya, da r, domin murya mace ce. Mutanenmu na nan kan sake wannan a baki, amma a takarda a tsare shi saboda masu karatu na Najeriya da Nijar.

Na Magazin:
Tunda sunan ya samu, a saka wa mai saye sharuɗɗansa a cikin bayanin, domin nan ake cutar mutane. Faffaɗar murya ba ta samuwa sai duk hanyar ta yarda da ita: tarhonka, uwar tarho, kamfanin da ya ba ka layi, da tarhon wanda ka kira. Guda ɗaya ya gaza, duka su sauka zuwa matsattsiya. Shi ya sa tsakanin 101 da 102 a ofis ɗaya, ko tsakanin reshen Kumasi da na Akara a kan uwar tarho ɗaya, za ka ji ta, amma da ka kira wayar hannu ta waje galibi sai ta koma G.711. Ba lalacewa tarhon ya yi ba.

Abu na biyu, a cikin saitin tarho akwai jerin kodek, wato tsare-tsaren ɗaukar murya irin su G.711 da G.722. Ko tarhon kamfanin Yealink ne ko na Grandstream, in G.722 ba ya sama a jerin, ko ba a kunna shi a uwar tarho ba, tambarin HD da ke jikin kwali ado ne kawai. A sa shi farko, G.711 na biye. Wasu masu haɗawa kan sa G.729 don tsimin data, shi kilobit 8 yake ci, amma matsattsiya ce kuma an ƙara matse ta. Sannan abin sawa a kunne: tsofaffin na Bluetooth da yawa matsattsiya kawai suke iya ɗauka.

Hajiya ta Alabar:
Ƙanena, datar fa? Mai shago abin da zai fara tambaya ke nan.

Na Magazin:
Hajiya, labari mai daɗi ne. G.722 kilobit 64 yake ci, daidai da G.711, babu ƙarin ko kwabo. Da adireshin da ke jikin kowane ƙulli yakan kai wajen 87, sai a yi lissafi da 100 ga kowane kira, hawa da sauka, wato abin da kake turawa da abin da kake karɓa. Kira 10 a lokaci guda megabit 1 ke nan kowane ɓangare. Awa guda ta magana ba ta kai megabait 80 ba.

Injiniya na Adum:
Yawan data ba shi ne ke kashe kira ba, tsayuwar layin ce. Ga abubuwa uku da su ma suke son suna. Na farko jinkiri, lokacin da murya ke ɗauka kafin ta isa. Ƙa'idar hukumar sadarwa ta duniya ita ce kada ya wuce milisakan 150 a tafiya ɗaya. In ya wuce, sai ku riƙa cin karo, kai ka fara shi ma ya fara. Na biyu ɓacewar ƙulli: in fiye da 1 cikin 100 na ɓacewa, gaɓoɓin kalma sun fara zubewa. Na uku shi ne ƙulle-ƙullen su riƙa isowa ba a kan ƙa'ida ba, wani da wuri wani a makare. Ana so bambancin ya tsaya ƙasa da milisakan 30. Tarho na da ɗan ma'aji da ke tara su ya jera, amma wanda ya makara da yawa yar da shi ake yi, murya ta koma kamar ta mai magana cikin ruwa.

Sanadin da aka fi gani shi ne wani a ofis yana tura bidiyo ko kwamfuta na ɗora ajiya, hanyar hawa ta cika, murya ta tsaya a layi bayan manyan kaya. Maganinsa a rauta yake: a ba murya fifiko, alamar fifikon a saiti ita ce DSCP 46, a kuma ƙayyade hawan sauran kaya kaɗan ƙasa da ƙarfin layin. Tarhon tebur kuma a ja masa kebul, kada a bar shi a kan Wi-Fi. In kana jin mutum shi ba ya jin ka, fara da kashe saitin da ake kira SIP ALG a rauta, sau da yawa shi ne.

A kuma tambayi mai sayarwa inda uwar tarhon take. In a Turai take, zuwa da dawowa kaɗai na cin wajen milisakan 100, kuma kowa ya ga abin da ya faru ranar 14 ga Maris 2024 da igiyoyin ƙarƙashin teku suka yanke, Gana ta shiga ƙuncin intanet. Wadda ke cikin ofis ko cikin ƙasa, aƙalla kiran cikin gida zai ci gaba.

Hajiya ta Alabar:
Kada a manta da wuta. Tsohon tarho daga layin kamfani yake samun wutarsa, ko an ɗauke yana aiki. Wannan kuwa da dumso ta zo, wato an ɗauke wuta, ya mutu. A rubuta musu su sayi suwic, akwatin da kebul-kebul ke haɗuwa a cikinsa, mai ba tarho wuta ta cikin kebul, su ɗora shi da rauta da akwatin faiba mai kawo intanet a kan UPS guda, wato na'urar batir mai riƙe wuta. Tarho ɗaya wajen wat 5 yake ci. Takwas da sauran kayan ba su wuce wat 70 ba, UPS mai batir biyu na volt 12 zai riƙe su awa ɗaya da wani abu in batirin sabo ne.

Na Magazin:
Da kuma tsaro. Ɓarayi na zagaya intanet dare da rana suna ƙwanƙwasa ƙofa ta 5060, wadda tarhon intanet ke karɓar kira ta ciki. 'Yar lamba 101 mai kalmar sirri 101, a dare ɗaya za a yi kiran ƙasashen waje da ita a bar maka bashi. A sa doguwar kalmar sirri, a rufe kiran waje ga duk wanda ba ya buƙata. Layin kuma a karɓa daga kamfani mai lasisin NCA, hukumar sadarwa ta Gana. Akwatin da ake cusa wa sim da yawa don shigo da kiran waje kamar na gida laifi ne a dokar Gana, kada wani ya sayar wa ɗan kasuwa shi da sunan tarhon intanet.

Ɗan Aboabo:
Allah ya saka da alheri. Abin da zan rubuta: tarhon intanet, uwar tarho, 'yar lamba, ƙulli, sai murya matsattsiya da faffaɗa da cikakkiya. Raɗau na bar ta ga kiran da ba ya tsinkewa. Jinkiri da ɓacewar ƙulli sun zauna, dawowar muryarka kunnenka kuma amsa-kuwwa ce dama. Na ukun nan na Injiniya ne bai samu suna ba.

Baba Malam na Asawase:
Ɗana, rubuta "tangal-tangal ɗin isowa" tukuna. "Rawar layi" ta fi gajarta, amma masu gyara za su ɗauka kebul ne ya saki a soket. Ka gwada ta farkon a kan masu shago biyu ko uku a Alabar, in sun gane ba tare da ƙarin bayani ba, a bar ta.